Takardar tikitin Baba ta ɓata, sai an sake sayen wani?

Wa'alaikumus salam. Malama, kin ce kin saya wa Baba tikitin jirgin ƙasa daga tashar Rigasa ta Kaduna zuwa tashar Idu ta Abuja na gobe da safe, kin buga masa a takarda, yanzu an neme ta sama da ƙasa ba a gani ba, kina tambaya ko kuɗin ya tafi ke nan. Kwantar da hankalinki tukuna. Iyalina na Kaduna, aikina na Abuja, kusan duk Juma'a ina kan wannan layin, kuma irin haka ta taɓa faɗa mini.

Abin da zai raba gardama shi ne: da sunan wa aka yanki tikitin, kuma a ina?

In ta intanet kika saya da sunan Baba, to ba abin da ya ɓata sai kuɗin bugawa. Tun Janairun 2021 da Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ta fara sayar da tikitin wannan layi ta intanet, takardar hannu ta koma kwafi kawai. Ainihin tikitin yana cikin na'urarsu, da sunan fasinja da lambar tarago da ta kujera. Ki buɗe imel ɗin da kika yi rajista da shi, ki leƙa har akwatin da tarkacen saƙonni ke faɗawa, ko ki koma shafin da kika saya ki shiga asusunki. Za ki ga tikitin da tambarin nan mai ɗige-ɗige da ake haskawa da na'ura a ƙofa. Shi ne abin nema. Ki ɗauki hotonsa ki tura masa ta WhatsApp. In kuwa wayar Baba irin ta dattawanmu ce, mai tocila da rediyo, ki je shagon masu kwamfuta yau ɗin nan a sake bugawa, kwafi biyu, ɗaya a aljihun gaba ɗaya a jaka. Kada ki bari sai an isa tasha a dogara da sabis, ranar da kake gaggawa ranar yake yin gardama.

Ni tawa ta fi taki wuya, don a wurin sayar da tikiti na tasha na yanka. Na cusa takardar a aljihun kaftani, yara suka kwashe kayan suka kai wa mai wanki, ta dawo mini kamar dusa. Washegari na isa tasha saura awa ɗaya da rabi jirgi ya tashi, na nufi wurin sayar da tikiti kai tsaye da katin ɗan ƙasa da saƙon banki na kuɗin da aka cira. Na faɗi ranar da na saya da lokacin jirgin. An ɗan ja ni da tambayoyi, kuma ban ga laifinsu ba, kowa zai iya zuwa ya ce tasa ta ɓata. Da suna da lamba suka yi daidai aka bar ni na wuce. Abin da ya cece ni shi ne dokar da muka yi ta ƙorafi a kanta: bayan harin 28 ga Maris 2022, da jirgin ya dawo aiki a Disambar shekarar, aka wajabta lambar NIN, wato lambar katin ɗan ƙasa, kafin a sayar wa mutum tikiti. Dā ina ganin ɓata lokaci ce, ran nan na gode Allah da ita.

Inda ba ni da magani shi ne in a hannun dillalan bakin get aka saya, da sunan wani. Wannan ko takardar na hannu ma ana iya mayar da mutum gida, balle ta ɓata. Me za ka ce a nemo, sunan mutumin da ba ka taɓa gani ba? In haka ne, ki haƙura ki nemi sabo da sunan Baba tun da sauran kujeru.

Sannan ku yi sammako. Wanda ya tsinci tsohuwar takardar zai iya gwada sa'arsa, kodayake suna zai tona masa asiri, amma gara a ce na Baba aka fara haskawa. Ki rubuta masa lambar tarago da kujera a wata 'yar takarda daban, don ana sake duba tikiti bayan jirgi ya tashi. Katinsa na NIN ya kwana a aljihun rigar da zai sa.

In da hali wani yaro ya raka shi har ƙofar shiga. Dattijo shi kaɗai yana lalube aljihu cikin damuwa, nan da nan za a samu mai cewa "Alhaji kawo wani abu in shigar da kai." Ki gaya masa kada ya ba kowa ko sisi a waje. Allah ya kai shi lafiya.