Amsa ga ƙanwata ta Jos: kafin ki sayar da filin nan saboda mastas

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya iso, kuma kamar yadda kika yarda, zan amsa a bainar jama'a ba tare da ambaton sunanki ba, don ba ke kaɗai ke wannan lissafi ba. Kin ce ke fisiyo ce, likitar gashin ƙashi, a wani asibiti a Jos, shekara huɗu ke nan da gama bautar ƙasa, ga aure ga yara biyu. Burinki ki zama malamar jami'a a fannin, a nan Ingila. An ba ki gurbin mastas na shekara ɗaya wanda za ki biya da kanki, har kina shawarar sayar da filin gadonki. Tambayarki ita ce: waɗanda ke koyar da fisiyo a can, da me suka samu aikin?

Ki bar filin nan tukuna. Wannan mastas ɗin shi kaɗai ba zai kai ki gaban aji ba.

In na duba abokan aikina a sashenmu, yawancinsu daga bakin gadon majinyaci suka shigo jami'a. Mai koyar da ɓangaren ƙashi da gaɓoɓi ya shekara da shekaru yana duba masu ciwon baya da kafaɗa a asibitocin NHS, hukumar lafiya ta gwamnatin Birtaniya, kafin ya taɓa riƙe alli. Wadda ke koyar da ɓangaren numfashi daga ɗakin masu jinya mai tsanani ta fito, kuma har gobe tana komawa can wasu ranaku na mako don kada hannunta ya yi sanyi. A NHS sabon fisiyo yana farawa ne daga mataki na 5, ya hau na 6, wanda ya ƙware ya kai na 7, kuma daga waɗannan matakai na sama jami'o'i suka fi ɗibar malamai. Da yawansu ba su da digirin dakta ranar da aka ɗauke su, sai da suka shiga suka fara. Dalili kuwa a fili yake. Ɗalibin fisiyo a nan sai ya cika awa 1,000 yana aiki da majinyata kafin a yaye shi, don haka ana neman malamin da ya san abin da yaron zai tarar a can, ya san yadda ake rubuta bayanin majinyaci a tsarinsu, ya san lokacin da ciwon baya ya daina zama ciwon baya ya zama abin garzayawa da mutum ɗakin gaggawa.

Wannan ya kawo mu kan lasisi. Sunan fisiyo a Birtaniya doka ce ke kare shi, laifi ne mutum ya kira kansa haka ba tare da rajistar HCPC, hukumar da ke ba ma'aikatan lafiya irinmu lasisi, ba. Rajistarki ta MRTB, hukumar da ke ba fisiyo lasisi a Najeriya, tana da daraja, za su nemi shaidarta, amma ba ta ba ki damar taɓa majinyaci a nan. Kusan duk tallan aikin malamin fisiyo da za ki gani, rajistar HCPC na cikin sharuɗɗan farko. Abin da hukumar ke dubawa shi ne digirinki na farko da aikin da kika yi bayansa. Akwai fom ɗin da jami'ar da ta yaye ki za ta cike ta buga hatimi, mai bayanin darussan da kika ɗauka da awannin da kika yi a asibiti. Mizanin Turancinsu maki 7.0 ne a IELTS, ba tare da wani sashe ya gaza 6.5 ba. Duk wannan kina iya yin sa kina zaune a Jos, kina karɓar albashinki.

Ki kuma buɗe takardar gurbin nan ki karanta sunan kwas ɗin da kyau, domin mastas na fisiyo iri biyu ne a nan. Akwai na shekara biyu, wanda aka yi don masu digiri a wani fanni da ke son zama fisiyo, shi ne ke kai mutum ga rajista. Akwai kuma na ƙarin ilimi, mai shekara ɗaya, don waɗanda suka riga suka zama fisiyo. Daga bayaninki naki na biyun ne, kuma shi ba ya ba da lasisi. Na ga 'yan gida da suka gama shi da sakamako mai kyau, suka wayi gari suna aikin kula da tsofaffi, saboda ba wanda ya faɗa musu wannan bambanci kafin su biya kuɗi. Aikin halal ne, ban raina shi ba, amma ba don shi mutum ya sayar da gadonsa ba.

Batun koyarwa kuwa, mutanenmu sun fi raina shi, a ganinsu wanda ya iya aiki ya iya koyar da shi. Ranar intabiyu ake gane ba haka ba ne. Yawanci za a ba ki minti goma zuwa sha biyar a ce ki koyar da wani abu, a ce yadda ake tayar da mai shanyewar ɓarin jiki daga gado zuwa kujera. A ɗakin akwai gadon gwaji, akwai malamai, sau da yawa akwai ɗalibai, wani lokaci har da wanda ya taɓa yin jinyar kansa. Wanda ya tsaya bakin allo yana zuba sunayen jijiyoyi har lokacinsa ya ƙare, ya faɗi. Wadda za ta ci ita ce za ta kira ɗalibi ya kwanta, ta nemi izininsa kafin ta taɓa shi, ta sa wani ya tsaya ta gefen da ya shanye, ta tambaye shi ina zai sa gwiwarsa kuma don me, ta bar shi ya yi kuskure, sannan ta gyara masa hannu ba tare da ta kunyata shi ba. Ɗaliban nan suna tambaya ba kunya, suna ce wa malami ba su yarda ba, a ƙarshen zango kuma su ne ke cike takardar auna shi. Wanda ya taso a ajin da ba a ɗaga wa malami murya sai ya yi da gaske kafin ya saba. Bayan an ɗauke ki ma, galibi za a sa ki yi kwas na koyon koyarwa a jami'a, ki nemi shaidar Advance HE, ƙungiyar da ke tabbatar da ƙwarewar koyarwa a jami'o'i.

To ke fa, ba ɗalibai da 'yan sanin makamar aiki ke zuwa sashenku ba? Na tabbata kina koya musu kullum, sai dai ba a rubuce yake ba. Ki fara rubutawa. Wane ne kika kula da shi, tsawon wane lokaci, me kika koya masa, yaya kika auna shi. Ki karɓi gabatar da darasin mako na sashe, ki raba 'yar takarda su rubuta ra'ayinsu, ki adana. In da makarantar koyon jinya ko ta kiwon lafiya da ke neman mai zuwa ya koyar da darasi ɗaya, ki je ko da kuɗin mota kawai za a ba ki. Ranar da aka tambaye ki shaidar koyarwa, fayil za ki miƙa.

Yanzu bincike, kuma a nan nake so ki tsaya ki saurare ni. Kin rubuta cewa ba ku da kayan aiki, ba abin da za ki iya bincikawa a Jos. Ban yarda ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Abin da ke shigowa ƙofarku a mako guda, masu shanyewar ɓarin jiki da ba su kai hamsin ba saboda hawan jinin da ba a kula da shi ba, waɗanda hatsarin hanyar Bauchi ko ta Abuja ya taɓa wa laka, yaran da suka sha wahalar haihuwa, manyan da shan inna ya bar wa tabo, karayar da ta fara biyawa ta hannun mai ɗori kafin ta iso gare ku, ɗalibin dakta a nan yana iya shafe watanni yana neman izini da mutane bai tara irinsu ba. Abin da ya rage muku shi ne awo. Na san katin majinyaci na gida, na rubuta irinsa: yana samun sauƙi, a ci gaba da motsa jiki. Wannan jimla ba ta zama bincike.

Ki samo tef na tela da abin manne. Ki auna mita 10 a barandar sashenku, ki manna alama a farko da ƙarshe. Duk mai shanyewar ɓarin jiki da zai iya takawa, ki sa ya yi tafiyar nan, ki danna agogon wayarki, ki rubuta daƙiƙa nawa ya ɗauka da abin da ya dogara da shi, sanda ko ƙarfen tafiya. Bayan mako shida ki maimaita. Ki ƙara da gwajin tashi daga kujera, tafiyar mita 3, juyowa da komawa a zauna. In kina da lokaci ki haɗa da ma'aunin Berg na daidaiton tsayuwa, abu 14 ne, makinsa 56, kujera da ɗan matakala da agogo da ma'auni kawai yake buƙata. Masu ciwon baya kuwa, ma'aunin Oswestry an riga an mayar da shi Hausa an gwada ingancinsa, aikin abokan sana'armu ne na Kano, ki nema ki yi amfani da shi. Ki rubuta har waɗanda suka daina zuwa, da dalilinsu, kuɗin mota ne, nisa ne, ko komawa maganin gida. Wannan kaɗai tambaya ce da ta isa takarda.

Amma kafin ki tattara ko lamba ɗaya da niyyar bugawa, ki nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike. Asibitocin koyarwa irin JUTH, na Jami'ar Jos, suna da shi. Mujallar kirki ba za ta karɓi aikin da ba shi da wannan amincewa ba, kuma ba a neman ta bayan an gama. Ki buɗe ORCID, lambar shaidar mai bincike, kyauta ne. Ki saba da PEDro, rumbun binciken fisiyo da ke Sidni ta Ostareliya tun 1999, shi ma kyauta, yana ba kowane gwaji maki cikin 10, a nan za ki koyi bambanta aiki mai ƙwari da na jeka-na-yi-ka. Sannan ki guji mujallun da ke aiko saƙo suna cewa a biya su buga cikin mako biyu. Na zauna a kwamitin tantance masu neman aiki, na ga yadda jerin takardu goma sha a irin waɗannan mujallu ke jawo wa mutum zargi maimakon daraja. Guda ɗaya da za a samu a PubMed, rumbun binciken lafiya na intanet, ta fi su duka. Da ita, da bayanan da kika tara, za ki rubuta wa farfesa ki ce ga tambayata, ga abin da na riga na auna. Irin wannan wasiƙa ake amsawa.

Ba kowace jami'a ce ke ba bincike nauyi ɗaya ba. Wasu suna ɗaukar malami don koyarwa zalla, wasu don koyarwa da bincike, kuma su na biyun suna kallon abin da za ki kawo musu a REF, tantancewar ingancin binciken jami'o'in Birtaniya, wadda aka yi a 2021, ta gaba kuma 2029. In Amurka ce ke ranki wata rana, can digirin shiga sana'ar ma DPT ne, wato dakta na aikin fisiyo, sai an tantance takardunki kin ci jarrabawar lasisi ta NPTE, kuma CAPTE, hukumar da ke tantance makarantun fisiyo, ta shardanta aƙalla rabin malaman dindindin na kowane sashe su kasance da digirin dakta na ilimi irin PhD, ba DPT kaɗai ba. Hanyar ta fi tsawo.

Sai maganar iyali, wadda ba ki tambaya ba amma dole in faɗa. Tun Janairun 2024, ɗalibin mastas na aji ba ya zuwa da miji ko 'ya'ya. An bar wannan dama ga masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Ke nan shekara guda ke a nan, yara a Jos. Ga kuɗin lafiya na fam 776 a shekara bayan na makaranta da haya, ga dokar da ta hana ɗalibi aiki fiye da awa 20 a mako lokacin karatu. Kada kuma wani ya ce miki sanyin Jos ya riga ya horar da ke, ba sanyin ne ke karya mutum ba, duhun da ke rufawa tun ƙarfe huɗu na yamma a Disamba ne, kina ke kaɗai a ɗaki. Wadda ta shigo da rajistar HCPC da takardar aikin fisiyo kuwa, bizarta tana ba ta damar zuwa da iyalinta.

Ba zan ce miki aikin na nan birjik ba. A 'yan shekarun nan har yaran da muke yayewa suna shan wuya kafin su samu mataki na 5, jami'o'i da dama kuma suna rage ma'aikata. Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da aka hana NHS zuwa farautar ma'aikatan lafiya, sai dai mutum ya nema da kansa, don haka duk ejan da ya ce ki ba shi kuɗi yana da gurbi a hannu, ki riƙe jakarki. Tallafin karatu na Commonwealth da Chevening gaskiya ne, ki nema, amma ki sani sharaɗinsu a koma gida, na Chevening aƙalla shekara biyu. Ni ban ɗauki wannan a matsayin asara ba. Ibadan ta fara digirin fisiyo tun 1966, Arewa ta biyo baya da nisa, kuma sassan da muke da su a Bayero da Maiduguri da sababbin da ake buɗewa suna buƙatar malamai masu dakta da suka san majinyacinmu da harshensa.

In ni ce ke, shekara biyu masu zuwa zan ba wa rajistar HCPC, fayil ɗin koyarwa da takarda ɗaya mai kyau. Ki rubuta wa makarantar ki tambaya ko za su ɗage miki gurbin zuwa baɗi, da yawa suna yi. Ki turo min hoton takardar gurbin in ga ainihin sunan kwas ɗin, da adadin masu shanyewar ɓarin jiki da kuke gani a wata, adadi kawai ba sunaye ba, mu ga ko za su isa bincike. Ki gaida maigida da yara.