Zuwan Hajiya Landan: a bar Disamba, a nemi Satumba

"Assalamu alaikum, Malam. Ina aikin jinya a Landan, takarduna lafiya lau. Ina so mahaifiyata ta zo ta ga jikokinta. Ta kusa shekara 70, tana fama da hawan jini da ciwon gwiwa. Yayana ya dage sai a watan Disamba, wai wani eja a Kano ya ce biza ta fi saurin fita a ƙarshen shekara, kuma zai gyara mata takardar banki. Sun kuma ce a haɗa da ƙanena a matsayin ɗan rakiya, in ya iso in nema masa aiki. Da na ce a dakata, sai aka ce Turai ta canza ni. Wane lokaci ya fi dacewa ta zo?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka maka da alheri a kan wannan niyya, ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Satumba za ka nema mata. In bai yiwu ba, ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, bayan ta yi layyarta a gida, tunda Babbar Sallah ta 2026 da ta 2027 duk cikin Mayu suke. Watan Disamba kuwa a cire shi daga lissafi baki ɗaya.

Kai da ke zaune a can ka san dalili, yayanka ne bai sani ba, don haka ga abin da za ka karanta masa. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa a Landan sai bayan ƙarfe 8 na safe, kuma ta faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma. Azahar, La'asar da Magariba duk cikin awa huɗu suke shigowa. Da rana ma'aunin zafi yana wajen digiri 8, da dare ya sauka 2 ko 3. Na san za a ce ai mun saba da hunturu. Hunturun Kano busasshe ne, kuma da hantsi tsohuwa tana iya fitowa tsakar gida ta sha rana. Na Landan jiƙaƙƙe ne, da yayyafi da iska, sai a yi kwanaki ba a ga rana ba. Mai ciwon gwiwa ba za ta taka ƙofar gida ba. Kai kana asibiti awa 12, ita tana zaune gaban hita tana kallon taga, ba maƙwabciya, ba mai sallama. Na ga iyaye mata da aka kawo a irin wannan lokaci, mako bai cika ba suka fara roƙon a canza musu tikiti.

Sannan a matsayinka na ma'aikacin jinya ka fi ni sanin yadda asibitoci ke cika da masu mura da ciwon ƙirji a lokacin sanyi. Abin da mutanenmu ke mantawa shi ne baƙo mai bizar ziyara ba ya cikin tsarin jinya na kyauta na NHS, wato hukumar lafiya ta Birtaniya. Sashen gaggawa ba a biya, amma da zarar an ba ta gado, kashi 150 cikin ɗari na kuɗin jinyar za a rubuto. Bashin da ya kai fam 500 in ba a biya ba yana iya hana ta biza ta gaba. Ko a wane wata za ta zo, ka saya mata inshorar tafiya wadda ta ambaci hawan jinin ƙarara.

Yuli da Agusta su ma ban so mata su. Makarantu suna hutu daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, tikiti ya yi tsada, gari ya cika da 'yan yawon buɗe ido, ko'ina layi. Gidajen Ingila an gina su ne don riƙe ɗumi, yawancinsu ba na'urar sanyaya ɗaki, kuma a Yulin 2022 zafi ya haura digiri 40 a filin jirgin sama na Heathrow da ke Landan. Tsakiyar Yuni kuma matsalarsa sallah ce: Magariba bayan ƙarfe 9, Isha'i wajen goma da rabi ko fiye, Asuba kafin ƙarfe 3. Tsohuwar da ta saba kwanciya bayan Isha'i ta tashi kiran assalatu, barcinta zai rikice.

Abin da ya sa na fifita Satumba ke nan. Da rana ana wajen digiri 20, jaket mara nauyi ya wadatar. Wajen 22 ga wata dare da wuni sukan daidaita, rana ta fito kafin ƙarfe 7, ta faɗi wajen 7 na yamma, lokutan sallah kusan irin na gida. Agogon Birtaniya kuma daidai yake da na Najeriya tun daga Lahadin ƙarshe ta Maris har Lahadin ƙarshe ta Oktoba, don haka in ta ɗauki waya za ta kira 'yan'uwanta ba sai ta yi lissafi ba. Tana iya zama a Regent's Park ta sha iska, ta yi Juma'a a babban masallacin da ke gefensa, wani makon ku je na Whitechapel, ku leƙa Peckham ku sayo kayan miya irin na gida. Ka riƙa sa ta a bas maimakon jirgin ƙarƙashin ƙasa, don tashoshi da yawa matakala ce zalla, ba lif. Gaskiya ne jikoki sun koma makaranta, amma suna dawowa gida da sauran rana, ga Asabar da Lahadi. Mako huɗu zuwa shida ya isa, ta koma kafin a mayar da agogon Birtaniya baya a ƙarshen Oktoba. Kai kuma ka nemi hutunka tun yanzu, ka ajiye mata aƙalla mako biyu daga cikin kwanakinka na shekara. Kawo uwa a bar ta ita kaɗai a gida ba ziyara ba ce.

Yanzu ga ejan nan. Babu watan da biza ta fi sauƙin fita. Jami'in da ke duba takarda abu uku yake nema, a Janairu ko a Disamba: da gaske ziyara ce, akwai kuɗin ɗaukar nauyinta, kuma za ta koma. Eja yana son Disamba ne don ya ga kuna da ɗoki, kuma mai gaggawa ba ya ciniki. Abin da yake kira gyara takardar banki kuwa, ko dai jabu zai buga, ko ya zuba kuɗin aro cikin asusunta kwana kaɗan kafin a fitar da takardar. Dukansu an san su. Na ga dattijuwar da ba ta ma san abin da aka cika mata ba, aka kama takardar jabu a cikin kayanta, aka rubuta mata yaudara. Hukuncin yana kai shekara 10 ba shiga Birtaniya, kuma sunanta ne a kai, ba na eja ba. Shi ya canza layin waya ya ci gaba da kasuwarsa. Ka lissafa shekara 10 a kan shekarun Hajiya. In kuma ya ce a biya kuɗin gwajin tarin fuka, wannan na masu zaman da ya wuce wata shida ne, ba na mai ziyara ba.

Hajiya ba ta bukatar ta nuna arzikin da ba ta da shi. Kai ne mai ɗaukar nauyi: takardar albashinka, bayanin asusunka, shaidar gidan da kake, shaidar izinin zamanka, da wasiƙar gayyata. Ita kuma abin da ke nuna tana da gida da iyali da za ta koma wa. Ana iya nema tun saura wata uku tafiya, amsa kan fito cikin mako uku, don haka Yuni ne lokacin cika fom, ta je Abuja a ɗauki zanen yatsunta. Ka cika da kanka. Kwanakin da kuka rubuta su za ta yi. Wanda ya ce mako shida ya zauna wata biyar da rabi, za a tuna masa a nema na gaba. Kada kuma ka rubuta cewa reno za ta zo yi don ku samu zuwa aiki.

Maganar ƙanenka ita ce ainihin abin da ke ƙarƙashin rigimar Disamba, kuma a nan ina bayanka. Mai bizar ziyara ba ya aiki, ba ya kuma sauya ta zuwa ta aiki yana cikin ƙasar. In ya zarce wa'adi, zaman ɓuya zai yi, wanda ya ɗauke shi aiki kuma tarar da ke kansa tana kai fam 45,000 a karon farko, shi ya sa sai azzalumai ke ɗaukar irinsa. Kai da ka gayyato shi sunanka ya ɓaci, kuma duk wanda ka gayyata bayan haka, har Hajiya, da wannan idon za a dube shi. Haɗa saurayi mara aiki da takardarta ma kaɗai yana raunana ta. Ba ta bukatar ɗan rakiya. Akwai jirgi kai tsaye daga Abuja, awa shida da ɗoriya, kuma in ka nemi keken guragu aƙalla awa 48 kafin tashi, za a tura ta daga wurin awon kaya har inda kake jira, ba ko sisi.

Cewa Turai ta canza ka, magana ce da ake jefa wa duk ɗan ci-ranin da ya ce a'a. Ka girmama yayanka, kada ka ɗaga masa murya, amma biyayyar da Allah ya ɗora maka ta Hajiya ce, kuma ba biyayya ba ce a sa gwiwarta da sunanta a caca don a tsallakar da wani. Na lura a duk wasiƙarka ba inda aka ce an tambaye ta. Ka kira ta ita kaɗai, ka faɗa mata yadda sanyin yake, ka ce Satumba kake so mata, ka bar ta ta sanar da su da bakinta. Ƙanenka kuma in taimakonsa ake so, ka biya masa kuɗin koyon sana'a ko jarabawar da za ta ba shi damar neman bizar aiki daga gida, a fili, gaban kowa. Kafin ta taso, ta ga likitanta ya rubuta mata takardar magungunanta da Turanci, ta zo da wanda zai ishe ta har ta koma, kowanne a cikin kwalinsa.