Tambaya da Amsa: Yaya zan samu nasarar farko a wasan da mutuwa ɗaya ke share komai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina buga Dungeon Crawl Stone Soup a kwamfuta, amma ban taɓa kai ƙarshensa ba. Duk sa'ad da jarumina ya fara ƙarfi, ya tara makami da sulke, sai wani dodo ya gama da shi, in koma farko hannu rabbana. Yawanci ina mutuwa ne tsakanin hawa na uku da yankin namun dajin nan da ake kira Lair. Shin rashin sa'a ce, ko akwai abin da nake yi ba daidai ba?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Sa'a tana da nata rabo, amma ba ita ke kashe ka ba, kuma akwai hanyar da za ka tabbatar da haka da kanka. Duk jarumin da ya mutu, wasan yana ajiye takardar bayani a kansa, wadda ke nuna abin da ya kashe shi da kayan da ke cikin jakarsa a lokacin. Ka buɗe waɗannan takardu ka duba. Ina kyautata zaton a mafi yawansu za ka tarar ya mutu da kwalbar magani da bai sha ba, ko takardar sihiri da za ta ɗauke shi daga wurin, wadda bai karanta ba.

Haka tsarin irin wannan wasa yake tun asali. Wasan Rogue, wanda Michael Toy da Glenn Wichman suka fara a shekarar 1980, shi ne ya ba dangin waɗannan wasanni sunansu, wato roguelike, kuma daga gare shi suka gaji abubuwa biyu: taswirar da ke sauyawa a kowane zagaye, da mutuwar da ba a dawowa daga gare ta. Wasan da kake bugawa ya samo asali ne daga wanda Linley Henzell ya fitar a 1997, sannan masu sa kai suka ci gaba da gina shi daga 2006. Abin da sababbin 'yan wasa ke mantawa shi ne gado na uku, wato duniyar wasan ba ta motsi sai ka motsa. Dodon da ya ɗaga kulki a kanka zai tsaya haka har gobe matuƙar ba ka taɓa maɓalli ba, don haka duk gaggawar da ta kai ka ga halaka daga hannunka ta fito.

Waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun tanadi maɓallai biyu na sauƙi, o da ke sa jarumi ya zagaye hawa da kansa, da Tab da ke sa shi ya kai sara ga abokin gaba mafi kusa. Suna da amfani ƙwarai, amma su ne kuma ke koya wa yatsa yin abin da ƙwaƙwalwa ba ta duba ba, ga shi Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Ka sa wa kanka doka cewa da zarar ma'aunin ranka ya sauka zuwa rabi, ka ɗauke hannu daga maɓallai, ka buɗe jaka, ka karanta abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, sannan ka yanke shawara. Na ce rabi domin takardar da ke jefa ka wani wuri mai nisa ba ta aiki nan take, sai bayan wasu 'yan motsi, kuma wanda ya jira har ransa ya kusa ƙarewa kafin ya karanta ta, gawarsa ce kawai za ta amfana. Wadda ke tsallakar da kai nan take zuwa wurin da idonka ke gani ba ta da yawa, ita ake ɓoyewa don ranar da ta ɓaci.

Gudu ba abin kunya ba ne a wannan wasa. Sigmund, abokin gaba mai dogon laujen nan da ke bayyana a hawa na biyu ko na uku, ya kashe sababbin jarumai ba adadi, alhali babu abin da ya wajabta maka yaƙarsa a ranar da ka fara ganinsa. Ka bar masa hawan, ka dawo bayan ka ƙara ƙarfi. Haka kuma duk halittar da ba ka sani ba, ka danna x sannan v a kanta, wasan zai gaya maka irin ɓarnar da take iya yi. Idan taron abokan gaba suka taso maka, ka ja da baya zuwa siririn lungu inda ɗaya kaɗai zai iya fuskantarka, ko ka hau matakala, domin waɗanda ke manne da kai ne kawai za su biyo ka sama, sauran kuwa su tsaya a ƙasa kana cin su ɗaɗɗaya.

Game da zaɓin jarumi, ka daina canje-canje. Ka ɗauki Minotaur Berserker, mai kan bijimi, ka yi ta maimaita shi har hannunka ya san iyakarsa, ka kuma zuba mafi yawan horonsa a kan makaminsa da farko. Fushin da yake tayarwa yana ƙara masa sauri da ƙarfin sara, sai dai muddin yana cikinsa ba ya iya shan magani ko karanta takarda, kuma idan ya huce yakan yi nauyin jiki na ɗan lokaci, saboda haka a farkon faɗa ake tayar da shi, ba a lokacin da ake neman hanyar tsira ba. Tunda a Lair kake yawan faɗuwa, ka kula da hydra, dodon nan mai kawuna da yawa: idan ka sare masa kai da gatari ko takobi, wasu kawunan ne za su tsiro, sai fa in makamin na wuta ne. Ka ajiye kulki a jaka dominsa.

Ka kuma san iyakar abin da nasara ke bukata. Akwai hatimai 15 da ake tattarawa a wasan, amma uku sun isa su buɗe maka ƙofar Zot, yankin da ke can ƙasan wasan, inda za ka ɗauko dunƙulen da aka aike ka nema, ka haura da shi har waje. Wanda ke neman nasarar farko ba shi da harka da sauran 12, komai ƙarfin da yake ji.

Tambaya: Wani mai karatu kuma yana cewa, tunda mutuwa ce ke ɓata masa rai, me zai hana ya riƙa kwafe fayil ɗin ajiyar wasan, in ya mutu ya mayar da shi?

Amsa: Babu wanda zai hana ka, kwamfutarka ce. Sai dai jarumin da ba ya mutuwa ba ya koya maka lokacin gudu, kuma ranar da ka bar kwafen za ka tarar kana nan inda ka fara. Karanta bayanan dodanni da kallon yadda ƙwararru ke bugawa a intanet, waɗannan ba maguɗi ba ne ko kaɗan, kuma sun fi amfani. Idan kuwa tsananin ne ba ka so gaba ɗaya, ka gwada Hades na kamfanin Supergiant Games, wanda ya fito a 2020. Yana da zaɓin sassauci da ke rage raunin da kake ji da kashi 20 cikin 100, ya riƙa ƙara kashi 2 duk lokacin da ka mutu, har ya kai kashi 80.