Goggon birin tsaunuka: mafarauta ne ke cinye su?

Malam, ka tambaya ko cin namansu ake yi. Ba kasafai ba. Ta fuskar farauta, abin da ya fi yi musu illa shi ne tarkon waya da ake ɗanawa gada a dazukan Virunga da Bwindi, tsakanin Ruwanda, Yuganda da Kwango. Ɗan biri ya zura hannu, wayar ta shaƙe, ciwon ya ruɓe har ya kashe shi.

Shi ya sa masu gadin daji ke fita kullum suna kwance tarkuna, likitocin dabbobi kuma suna bin waɗanda suka ji rauni. Aikin ba wasa ba ne, wallahi. Masu gadi sama da 200 aka kashe a Virunga. Amma ƙidayar da aka kammala a 2018 ta nuna birran sun ƙaru har sun haura 1,000.