Dutsen Kaushi: Me Ya Sa Ba Ya Nutsewa a Ruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Dutsen goge kaushina ya suɓuce mini cikin bokiti, sai na ga yana yawo a saman ruwa. Ɗana ya ce a makaranta "pumice" ake ce masa. Anya dutse ne na gaske? Daga wata uwa a Tudun Wadan Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Dutse ne, amma asalinsa kumfa ce. Idan dutse mai aman wuta ya fashe, narkakken dutsen da yake fesowa cike yake da iska, kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe. Kafin iskar ta gama fita sai ya huce ya daskare. Ki kai shi kusa da ido, za ki ga ƙananan ramuka birjik. Iskar da ke cikinsu ce ta hana shi nutsewa. Da dutsen Krakatoa na Indonesiya ya fashe a 1883, irin wannan dutse ya yi watanni yana yawo a saman teku.

Kalmar da yaronki ya kawo daga Latin Turawa suka aro ta. Larabawa suna ce masa hajarul khaffaf saboda rashin nauyinsa, mu kuma muka raɗa masa suna da aikinsa.

Yana da ɗan'uwa a kusa da mu. Wanda ya bi hanyar Gombe zuwa Biu ya shiga ƙasar tsofaffin duwatsu masu aman wuta. Tafkin Tila ma a bakin ɗayansu yake zaune. Dutse mai ramukan da ake samu a can baƙi ne ko ja, ramukansa manya, ya fi nauyi, galibi kuma nutsewa yake.

Ana koɗar da wandon jins da dutsen kaushi, ana buga bulo mara nauyi da shi. Amma amfaninsa a gidajenmu ya fi jan hankalina, musamman da hunturu. Ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi tukuna, ki goge a hankali, ki shafa man kaɗanya. Kada ya taɓa faso mai jini, kada kuma a yi aronsa.

Don Allah, idan akwai mai ciwon sukari a gidanku, ki ɓoye masa shi. Ƙafarsa ba ta cika jin zafi ba, sai ya goge har ya ji ciwo bai sani ba, ciwon kuma ya ƙi warkewa. Kaushinsa a kai wa likita ya duba.