Na shiga rukunin Katolika masu Misar Latin a waya, ta ina zan fara?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni tsohon malamin makaranta ne a Kafanchan, ɗan ɗarikar Katolika. Tun muna yara mahaifinmu yake ba mu labarin Misar da ake yi da harshen Latin a zamaninsu. Kwanan nan ɗana ya turo mini linkin wani rukuni a Telegram da wani a WhatsApp na Katolika masu riƙo da tsohon tsari. Na shiga duka biyun, an yi mini maraba, an ce in gabatar da kaina. Me ya kamata in rubuta, me ya kamata in ɓoye? Kuma suna ta rubuta TLM da NO da SSPX da FSSP, ni ban san inda suka dosa ba.

Amsa: Baba, sannu da hutawa. Ni ba Fada ba ne, ba kuma katikis ba, aikina waya da kwamfuta, don haka hukuncin wane tsari ya fi wani ba nawa ba ne. Amma shawarar farko ita ce kada ku yi gaggawar gabatar da kanku. Ku yi mako guda kuna karatu kawai. Baƙo idan ya sauka a gari, yakan fara gane unguwannin kafin ya ce ga inda zai kama haya.

Dalilina shi ne waɗannan haruffan da suka ɗaure muku kai. TLM suna nufin tsohuwar Misar Latin, wadda Paparoma Pius na Biyar ya daidaita littafinta a 1570, kuma bugun 1962 shi ne wanda yawancinsu ke bi. NO kuwa sabon tsarin da Paparoma Paul na Shida ya fitar a 1969, bayan babban taron Vatican na biyu da aka yi daga 1962 zuwa 1965, wato Misar da kuka saba ji da Hausa ko Turanci a cocinku. A 2007 Paparoma Benedict na Sha Shida ya sassauta wa masu son tsohon tsarin, a 2021 Paparoma Francis ya sake ƙuntata shi, ya mayar da ba da izini hannun bishop na kowace dayosis. Rabin gardamar da za ku gani a rukunin daga nan ta samo asali.

SSPX ƙungiya ce da babban bishop Marcel Lefebvre ya kafa a 1970 a ƙasar Suwizalan. Bafaranshe ne, ya taɓa riƙe kujerar babban bishop na Dakar a Senegal. A 1988 ya naɗa bishop huɗu ba da izinin Paparoma ba, kuma tun daga lokacin tsakaninsu da Roma bai daidaita ba. FSSP a wannan shekarar ta 1988 aka kafa ta, limamanta na yin tsohuwar Misa amma suna ƙarƙashin Paparoma, suna da wuri a Umuaka ta jihar Imo. Akwai kuma wasu 'yan tsiraru da ke cewa kujerar Paparoma ma babu kowa a kanta tun shekaru da dama. Dukansu suna kiran kansu masu riƙo da gargajiya, hotunan da suke sakawa ma iri ɗaya ne. Sai kun karanta saƙon da aka maƙala a saman rukunin da dokokinsa, kun ga yadda suke ambaton Paparoma, sannan za ku san gidan wa kuka shiga. Idan abin ya shige muku duhu, ku nuna wa Fadan cocinku.

To, sai batun waya. Telegram da WhatsApp ba ɗaya ba ne wajen sirri. A rukunin WhatsApp na yau da kullum, wanda ke iya ɗaukar mutum 1,024, duk wanda ke ciki yana ganin lambarku. Rukunin Telegram kan kai mutum 200,000, amma yana ba ku damar ɓoye lamba: ku shiga saiti, ku taɓa inda aka rubuta Privacy and Security, sai Phone Number, ku zaɓi Nobody. A WhatsApp ba za ku iya ɓoye lambar ba, amma a sashen Privacy za ku iya taƙaita hotonku ga waɗanda ke cikin lambobinku kaɗai, ku kuma hana baƙi jefa ku cikin wasu rukunoni ba da saninku ba. Ku yi wannan kafin ku rubuta ko da kalma ɗaya, domin da zarar sabon mutum ya yi magana ake fara leƙa bayanansa.

Gabatarwar kuwa layi uku ya isa. Sunanku na baftisma, cewa daga arewacin Najeriya kuke, da abin da ya kawo ku, misali labarin mahaifinku. Wannan labarin ma shi zai sa a buɗe muku zuciya, don mutanen irin wannan rukuni suna son jin yadda tsohuwar Misa ta kasance a wasu ƙasashe. Sunan unguwa, sunan coci, lokacin da kuke fita Misar safe, hoton jikoki, duk ku bar su a gida. Ku da kuke kudancin Kaduna kun fi ni sanin dalili. Abin da aka rubuta a gaban mutum dubu, ko an goge shi daga baya, wani ya riga ya ɗauki hotonsa.

Abu ɗaya da na lura da shi a irin waɗannan rukunoni, na kowane addini: akwai masu zafin kai da ke jarraba baƙo da tambaya, wai su ji ɓangaren da yake. Ba dole ba ne ku amsa. Ku ce kun zo koyo ne. Idan wani ya biyo ku ta bayan fage da saƙo, ku duba ko sunansa na cikin masu kula da rukunin kafin ku saki jiki.

Tambaya: Ni 'yar Zumuntar Mata Katolika ce a Jos. Kwana biyu da shigata wani rukunin masu addu'ar Rozari da Latin, wani ya kira ni ya ce shi mataimakin Fada ne, za a yi taron addu'a ta intanet da daddare, an turo mini lambobi shida in karanto masa don a saka sunana. Na ce zan kira shi. Na yi daidai?

Amsa: Mama, kin yi daidai ƙwarai, kada ki kira shi. Ɓarawo ne. Ga yadda abin yake: ya ɗauki lambarki daga cikin rukunin, ya saka ta a WhatsApp ɗin wayarsa kamar shi ne ke, sai kamfanin ya aiko miki da lambobi shida don tabbatarwa. Da kin karanto masa, asusunki ya koma hannunsa, ke kuma a fitar da ke. Daga nan sai ya bi 'yan zumuntarku ɗaya bayan ɗaya da sunanki, yana cewa kina asibiti ko katinki ya maƙale, a taimaka da dubu ashirin zuwa gobe. Sabon shiga suka fi nema, domin bai gama sanin waye waye ba, kuma kunya ba za ta bar shi ya yi wa mai kiran kansa bawan Allah musu ba.

Babu taron addu'a, babu taron coci ko na masallaci, da ke buƙatar waɗannan lambobin. Yau ɗin nan ki shiga saitin WhatsApp, sashen Account, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ki zaɓi wasu lambobi shida naki na kanki waɗanda ba shekarar haihuwarki ba, ki haɗa da imel. Ki kuma sanar da mai kula da rukunin lambar da ta kira ki. Wanda aka riga aka yi wa wannan aika-aika, ya sake shigar da lambarsa a WhatsApp, sabuwar lambar tabbatarwa za ta zo wa layinsa, shigarsa ke da wuya za a kori ɓarawon. Idan ɓarawon ya riga ya saka nasa makullin, sai an jira kwana 7.

Haka nan batun kuɗi. Neman gudummawar gina coci ko sayen littafin Misa daga wanda ba ki taɓa gani ba, ki bari sai kin ji daga bakin wanda kika sani.

Tambaya: Malam, a rukuninmu ana turo Misar Latin kai tsaye daga Turai da Amurka, amma datata ba ta kwana biyu. Kuma ba na gane abin da ake faɗa. Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Ɗan'uwa, abu biyu ke cinye maka data. Na farko bidiyoyi da hotunan da ke sauka da kansu. Ka kashe wannan a sashen Storage and Data na saitin WhatsApp, ka riƙa sauke abin da kake so kawai. Na biyu ingancin hoto a YouTube. Misar da ake rerawa takan wuce awa ɗaya, kuma abin da kake nema galibi sauti ne, don haka ka taɓa alamar saiti a kan bidiyon ka sauke shi zuwa 240p ko 144p. Bambancin da za ka gani a data ba kaɗan ba ne. Ka kuma lura da agogo: Roma lokacinmu ɗaya da su a hunturunsu, suna gabanmu da awa ɗaya a bazararsu, gabashin Amurka kuwa muna gabansu da awa biyar ko shida.

Fassara kuma, Google Translate yana da Latin yana da Hausa, amma kada ka dogara da shi a kan addu'a, yana yawan kwafsawa a Latin. Shafin Divinum Officium yana jera Latin a gefe ɗaya, Turanci a ɗaya gefen, na kowace rana, kuma rubutu ne zalla, ba ya cin data. Ka buɗe shi a waya, ka nemi aron wayar abokin ɗakinka don kallon bidiyon.