Me Ya Haɗa Tocilan Da Lambobin Da Ke Wayata?

Tambaya: Malam, na sauke manhajar tocilan a wayata ta Android, sai ta nemi izinin ganin lambobin da na ajiye da kuma wurin da nake. In ba ta?

Amsa: Kada ka ba ta. Aikin tocilan shi ne kunna fitilar bayan waya, kuma lambar ƙanwarka ba za ta ƙara mata haske ba. In ni ne kai ma, goge ta zan yi, tunda wayoyin yanzu da tocilan ɗinsu suke zuwa.

Duk izinin da manhaja ta nema, ka tambayi kanka: in na hana, aikin da na sauke ta dominsa zai tsaya? Taswira ba ta iya nuna maka hanya sai ta san inda kake. WhatsApp na buƙatar makirufo don saƙon murya. Amma tocilan mai neman sanin inda ka kwana, kasuwa take nema da kai. An taɓa yi: a 2013 hukumar FTC mai kare haƙƙin masu sayayya a Amurka ta kama kamfanin da ya yi manhajar Brightest Flashlight yana miƙa wa masu talla wuraren da mutane suke ba da saninsu ba.

Shiga saitin wayarka, ka buɗe sashen izini, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Tun daga Android 10 kana iya ba manhaja izinin wuri lokacin da kake amfani da ita kaɗai, Android 11 kuma ya ƙara zaɓin “wannan karon kawai”.

Tambaya: Wani shafi ya ce in sa lambar wayata don tsaron asusuna. Za su iya amfani da ita wajen turo min talla?

Amsa: Bai kamata ba. Dokar kare bayanai ta Turai, GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu, 2018, ta hana a karɓi bayani don wata manufa sannan a karkatar da shi zuwa wadda ba ta dace da ita ba. Sai dai rubuta doka daban, bin ta daban. A 2022 Twitter ya biya tarar dala miliyan 150 a Amurka saboda lambobi da adireshin imel da ya karɓa da sunan tsaro, ya kuma yi talla da su.

Kada wannan ya sa ka bar asusunka ba kariya. Idan shafin ya yarda, yi amfani da manhaja irin Google Authenticator, mai samar da lambar sirri a cikin wayarka ba tare da ka ba kowa lambar layinka ba.